Darasin Turanci Domin Manoma: "Ya Fi" da "Ya Fi Duka"

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu na Ikara, da Maƙarfi, da Kudan, darasin wannan fitowa a kan Turanci yake. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan mai riƙe da fartanya da nahawun Turanci? To, ya shiga ɗakin ajiyarsa ya duba. Buhun taki, da ledar iri, da kwalbar maganin feshi, da takardar rancen da ƙungiya ta sa wa hannu, kusan dukansu da Turanci aka rubuta su. Manyan kalmomin da ke jikinsu ba su cika ba mu wahala ba, gama kowa ya san taki in ya gan shi. Ƙananan kalmomin ne suke kā da mutum, wato waɗanda suke faɗin irin abu, da yadda za a yi aiki da shi, da wanda ya fi wani. Su za mu koya yau. Muna roƙon sakatarori su karanta darasin nan a taron ƙungiya, su rubuta misalan a allo, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su amfana.

1. Sifa

Sifa ita ce kalmar da take faɗin yadda abu yake. Turawa suna ce da ita "adjective". In mun ce sabon buhu, ko jan tumatir, ko busasshiyar masara, to, sabo da ja da busasshiya su ne sifofi. Ga yadda ake faɗinsu da Turanci:

a new bag: sabon buhu
red tomatoes: jajayen tumatir
dry maize: busasshiyar masara
ripe sugarcane: raken da ya nuna
a heavy load: kaya mai nauyi

Ku lura da abu biyu. Na fari, a Hausa muna iya cewa sabon buhu, muna kuma iya cewa buhu sabo. A Turanci kuwa sifa tana zuwa gaban sunan abin: "a new bag". Ba a cewa "a bag new". In ana so ta zo daga baya, sai a sa "is" ko "are" a tsakani: "The bag is new."

Na biyu, sifar Hausa tana sākewa bisa ga namiji, ko tamace, ko jam'i. Mukan ce sabon buhu, sabuwar garma, sababbin buhuna. Ta Turanci ba ta motsi ko kaɗan: "new bag", "new plough", "new bags". Kada a ƙara mata "s" domin abubuwan suna da yawa. A nan Turanci ya fi Hausa sauƙi.

2. Bayanau

Bayanau shi ne kalmar da take faɗin yadda aka yi aiki, ko lokacin da aka yi shi. Turawa suna ce da shi "adverb". Sifa tana bin sunan abu, bayanau kuwa yana bin aiki. In mun ce ya yi shuka da wuri, ko ta gauraya sosai, to, da wuri da sosai su ne bayanau.

Yawancin bayanau na Turanci daga sifa ake yinsu, ta wurin ƙara "ly" a ƙarshe. "Slow" ya zama "slowly", wato sannu a hankali. "Careful" ya zama "carefully", wato da lura. Ga waɗanda za ku riƙa gamuwa da su a jikin kayan gona:

Mix thoroughly: a gauraya sosai, har ko'ina ya haɗu.
Apply evenly: a zuba daidai wa daida, kada wani wuri ya fi wani samu.
Wash immediately: a wanke nan take, ba sai an koma gida ba.
Close tightly: a rufe kam.
Shake well: a girgiza da kyau.

Ku dubi na ƙarshen. "Good" sifa ce, bayanau ɗinta kuwa "well" ne. Ana cewa "a good harvest", wato kaka mai kyau, amma "The maize grew well", wato masara ta yi kyau. Ba a cewa "grew good".

Akwai kuma waɗansu kalmomi da suke aikin sifa da na bayanau duka, ba tare da sun sāke ba. Su ne kamar "fast", da "early", da "late", da "hard". Biyu daga cikinsu suna da tarko. "Late" shi ne a makare, amma "lately" ma'anarsa kwanan nan. "Hard" shi ne da ƙwazo, amma "hardly" ma'anarsa da ƙyar, ko kusan babu. Bari mu ce sakatare yana rubuta wasiƙar neman rance, yana so ya yabi mutanensa. In ya rubuta "Our members work hard", ya ce mutanenmu suna aiki tuƙuru. In ya rubuta "Our members hardly work", ya ce mutanenmu kusan ba sa taɓuka kome. Haruffa biyu ne kawai suka raba yabo da zagi. Wa zai ba da rance ga mutanen da sakatarensu da kansa ya kira su ragwaye?

3. Kwatanta abu biyu

A Hausa kalma ɗaya ce take yi mana wannan aiki, wato "fi". Mukan ce raken nan ya fi wancan tsawo, ko taki ya fi na bara tsada. Turanci yana da hanya biyu, kowace kuma tana tafe da kalmar "than". Sunan wannan mataki a wurinsu "comparative".

Hanya ta fari ta gajerun kalmomi ce, masu gaɓa ɗaya. Sai a ƙara musu "er" a ƙarshe:

This cane is taller than that one: raken nan ya fi wancan tsawo.
Tomatoes are cheaper in February than in June: tumatir ya fi araha a watan Fabrairu bisa ga watan Yuni.

Hanya ta biyu ta dogayen kalmomi ce. Su ba a taɓa jikinsu, sai a sa "more" a gabansu:

A water pump is more expensive than a sprayer: injin ban ruwa ya fi famfon feshi tsada.

Bayanau mai ƙarewa da "ly" shi ma "more" yake ɗauka, kamar "more slowly" da "more carefully".

Wajen rubutu, a kula da abu uku. In kalma ta ƙare da "e", sai a ƙara "r" kaɗai: "large, larger". In ta ƙare da "y", sai "y" ɗin ya koma "i": "dry, drier", "heavy, heavier", "early, earlier". In gajera ce mai ƙarewa da wasali ɗaya da baƙi ɗaya, sai a ninka baƙin: "big, bigger", "wet, wetter".

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa hanyoyin biyu wuri ɗaya, kamar "more cheaper" ko "more better". Wannan kamar a ɗaura wa jaki mangala biyu ne. Ɗaya ta isa. Kuskure na biyu shi ne barin sifar yadda take, kamar "cheap than". Na uku shi ne rubuta "then" a maimakon "than". "Then" ma'anarsa sa'an nan.

In abu biyu sun yi daidai, mu mukan ce wannan ya kai wancan. Bature yakan ce "as big as". In bai kai ba, sai ya ce "not as big as". Misali, "My farm is not as big as yours": gonata ba ta kai taka girma ba.

4. Wanda ya fi duka

In abubuwan sun kai uku ko fiye, aka ware ɗaya aka ce ya fi duka, to, an hau mataki na uku, wanda ake kira "superlative". Gajeruwar kalma tana ɗaukar "est", doguwa kuma tana ɗaukar "most". Kusan kullum "the" yana gabansu.

tall, taller, the tallest: dogo, ya fi tsawo, ya fi duka tsawo
heavy, heavier, the heaviest: mai nauyi, ya fi nauyi, ya fi duka nauyi
useful, more useful, the most useful: mai amfani, ya fi amfani, ya fi duka amfani

Akwai waɗansu kalmomi masu taurin kai da ba sa bin wannan ƙa'ida. Ba su da yawa, amma su aka fi aiki da su, sai dai a haddace su:

good, better, the best: mai kyau, ya fi kyau, ya fi duka kyau
bad, worse, the worst: mara kyau, ya fi muni, ya fi duka muni
much ko many, more, the most: da yawa, ya fi yawa, ya fi duka yawa
little, less, the least: kaɗan, bai kai ba, ya fi duka ƙanƙanta
far, farther, the farthest: da nisa, ya fi nisa, ya fi duka nisa

Mutumin Maƙarfi mai neman kasuwar rakensa yana iya cewa, "Kano is farther than Zaria, and Lagos is the farthest." Wato Kano ta fi Zariya nisa, Legas kuwa ta fi su duka.

5. Ya fi me?

Yanzu mun zo ga zuciyar darasin. Bahaushe in ya ji an ce abu ya fi, nan da nan zai tambaya, ya fi me? Ku riƙe wannan tambaya sa'ad da kuke karanta Turanci. Masu talla sukan rubuta "better yield" ko "stronger" a jikin kayansu, su bar "than" da abin da ya kamata ya biyo bayansa. Amfani ya fi yawa, amma ya fi na wane iri? A wace ƙasa aka gwada, da taki nawa? Haka kuma "the best". Kowane mai kaya yana iya cewa nasa ne ya fi duka, ba wanda zai kama shi. Abin da za ku nema shi ne lamba.

Ga misali daga taki. Jimlar nan gaskiya ce: "Urea has more nitrogen than NPK 15-15-15." Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kashi 15 yake da shi. Wato a buhu mai kilo 50, yuriya tana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kamfa kuma kilo 7 da rabi. Amma in wani ya ce "Urea is better than NPK", ya faɗi wani abu dabam. Naitirojin kaɗai ke cikin yuriya. Kamfa kuwa yana da sauran abincin shuka guda biyu da yuriya ba ta da su, waɗanda lamba ta biyu da ta uku suke nunawa. Shi ya sa malaman gona sukan ce a fara ba masara kamfa, a bi ta da yuriya daga baya. "More" yana maganar yawa ne, "better" kuwa yana maganar dacewa. Kada a ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya.

Ga wani misali daga iri. Tun shekarar 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kuma a 1962 wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Irin da suke fitarwa yana da sunaye masu farawa da SAM: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake. A bayanin irin masara za ku ga kalmomi kamar "late", da "early", da "extra-early". Masarar da aka ce da ita "early" takan nuna cikin kwana 90 zuwa 95. Wadda aka ce da ita "extra-early" takan nuna cikin kwana 80 zuwa 85. Mai "late" kuwa tana neman wajen wata huɗu. To, wacce ce "the best"? Ya danganta. Wanda ya yi shuka da ruwan fari a ƙasa mai ƙarfi, yawanci mai daɗewar za ta fi ba shi buhuna. Wanda shukarsa ta ƙone, ya sāke shuka a watan Yuli, wadda ta fi saurin nuna ita ce za ta cece shi kafin ruwa ya ɗauke. "Earlier" ba shi ne "better" ba, sai an san gonar da lokacin.

6. Kalmomi huɗu da suka shafi rai

A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta yi ɓarna ƙwarai, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Duk mai noman rani ya san yadda mutum yakan ruga sayen magani in ya ga gonarsa tana ƙonewa, yana tambayar wanda ya fi ƙarfi. Ku sani fa, maganin da ya fi dafi ga mutum ba lalle ne ya fi kashe tsutsar ba.

Tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan ƙwari kashi-kashi bisa ga hatsarinsu ga ɗan Adam. Sifar da ta yi aiki da ita ɗaya ce, wato "hazardous", mai hatsari. Bayanau da ke gabanta shi ne yake rarrabe su:

extremely hazardous: hatsarinsa ya kai matuƙa
highly hazardous: mai hatsari ƙwarai
moderately hazardous: mai matsakaicin hatsari
slightly hazardous: mai ɗan hatsari

Kamfanoni da yawa suna sa zirin launi a gindin takardar kwalba. Ja na kashi biyun farko ne, rawaya na kashi na uku, shuɗi na huɗu, kore kuma na wanda ba a sa ran zai cuce mutum in an bi ƙa'ida. Maganin nan da ake kira piya-piya, wanda sunan sinadarinsa dichlorvos, yana cikin kashin "highly hazardous". Wanda ya gane kalmar nan ba zai yayyafa shi a kan waken da iyalinsa za su ci ba, ko wanda zai kai kasuwa. Ku lura kuma, "slightly" ba ya nufin babu hatsari, "less toxic" kuma ba ya nufin babu dafi. Ma'anarsa dafinsa bai kai na wani ba. Karin maganarmu ta ce rigakafi ya fi magani, Turawa ma suna da irinta, da "better than" a tsakiyarta.

Akwai kuma 'yan kalmomin iyaka da suke fitowa a jikin kwalba da cikin takardun rance:

at least: aƙalla, kada ya kāsa haka
at most: iyakarsa ke nan, kada ya wuce
not later than: kada ya wuce ranar
not earlier than: kada a yi kafin lokacin
more than: fiye da

In takarda ta ce, alal misali, "Wait at least 7 days before harvest", to, kwana 7 shi ne mafi ƙanƙantar jira tsakanin feshi da ɗiban tumatir. Kwana 8 ya yi, kwana 6 bai yi ba, ko da motar dillali tana bakin gona. Kowane magani da nasa kwanakin, sai a duba. In takardar rance ta ce "not later than 30th November", ranar 30 ɗin tana ciki, 1 ga Disamba kuwa an makara. In aka ce ƙungiya ta kasance da "at least 10 members", mutum 10 sun isa. In aka ce "more than 10", sai an sami na 11.

7. Domin sakatare da ma'aji

Sa'ad da ƙungiya ta aiki mutum biyu su tayo injin ban ruwa, suka ga iri uku, suka zaɓi ɗaya, ya kamata littafin taro ya nuna dalili. In an rubuta "We bought the best pump" kawai, bayan wata shida wani zai tashi ya ce don me ba a sayi mai araha ba, daga nan zargi ya shigo. Gara a rubuta haka:

"We bought the second pump. It is more expensive than the first, but it uses less petrol. Of the three, its spare parts are the easiest to find in Zaria."

Wato mun sayi inji na biyu. Ya fi na fari tsada, amma bai kai shi shan mai ba. A cikin ukun kuma, kayan gyaransa ne suka fi sauƙin samu a Zariya. Duk wanda ya karanta wannan ya san abin da aka kwatanta da abin da aka duba. Sakatare ya rubuta fassarar Hausa a ƙarƙashinsa, ya karanta wa taro kafin shugaba ya sa hannu.

8. Aiki

A gyara waɗannan jimloli. Kowa ya gwada kafin ya dubi amsa.

1. This fertilizer is more cheaper than that one.
2. Our women's group works hardly.
3. Mix the seed and the powder careful.
4. Of our three farms, the one near the river is the wetter.
5. This year's price is badder than last year's.
6. We need news bags for the beans.
7. My onions are big than yours.

Amsoshi: 1. cheaper than. 2. works hard. 3. carefully. 4. the wettest. 5. worse than. 6. new bags. 7. bigger than.

Tambayoyi domin tattaunawa a taro:

Wane iri ne ko wane magani aka taɓa sayar muku da sunan ya fi duka? Da me aka kwatanta shi?
A cikin ƙungiyarku, wa yake karanta wa sauran takardar magani kafin a yi feshi? In ba ya nan, yaya ake yi?

Kafin taro mai zuwa, kowane ɗan ƙungiya ya nemi kalma uku masu ƙarewa da "er", ko "est", ko "ly" a jikin buhu ko kwalbar da ke gidansa. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko 'yarsa mai zuwa makaranta ta kwafe masa a takarda. Takardar za a kawo. Kada a kawo kwalbar magani wurin taro, ko da babu kome a cikinta, kada kuma a bar yaro ya taɓa ta shi kaɗai. Kalmar da ta gagari taro, a ajiye ta a tambayi malamin gona ko malamin makaranta, gama matambayi ba ya ɓata.